Man Birki a Jikin Basira

Akwai wani bakanike a Tasawa, sunansa Lurwanu, yana gyaran moto, wato babur, a wata rumfa kusa da tasha. Tun da aka ba ni labarinsa raina yake a ɓace, don haka ku yi haƙuri in kun ji harshena ya yi zafi yau.

Lurwanu ya iya aikinsa, wannan ba zan ɗauke masa ba. Daga Korgom da Maijirgi ake ɗoro mataccen moto a amalanke, kafin la'asar mai shi ya hau abinsa ya koma. Matsalarsa ɗaya ce: tunda ya san cikin inji, gani yake ya san cikin komai.

Kuma magani ɗaya tak ya sani a duniya, man birki. Ƙarfe ya yanke shi, man birki. Bututun hayaƙi ya ƙona ɗan kabu-kabu a ƙafa, man birki. Ƙaiƙayi tsakanin yatsu, man birki. Ya ɗiga wa mutum, mutum ya cije haƙori yana gumi, shi kuma ya yi dariya ya ce, "Zafin nan shi ne aikin."

Yana da mata, Rukaiya, da 'ya ɗaya, Basira, mai wata takwas. Yarinyar nan ba ta da kamar ubanta. Da ta ji ƙarar motonsa a lungu, sai ta saki ko me take riƙe da shi, ta rarrafa bakin ƙofa tana jiransa.

A tsakiyar bazara Basira ta yi zawo na kwana uku. Rukaiya tana ɗaura mata tsumma, ta rufe da leda don kada ta jiƙa mata zane in ta goya ta. Ga zafi, ga lema, ga leda. Zawon ya tsaya, amma ɗuwawun yarinya da matsematsinta suka yi jawur. In ta yi fitsari sai ta ƙanƙame jiki ta tsala kuka.

Maƙwabciyarsu wata dattijuwa ce, Inna Talatu. Shekara ashirin ke nan tana shara da wankin zannuwa a ɗakin haihuwa na likita, wato asibiti. Ba ta yi karatun lakwal ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma jariran da suka wuce ta gaban idonta ba su ƙirguwa.

Ita ce ta ji kukan ta bayan katanga, ta shigo, ta kwance tsumman ta duba.

"Kwantar da hankalinki, ɗiyata," in ji ta. "Lema ce da zafi suka ci fatar. Fara jefar da ledar nan tukuna."

Ta koma gida ta kawo 'yar roba da wani farin mai a ciki, mai kauri, irin wanda ake saye a farmasi don jarirai.

"Wanga mai ba ya kashe komi," ta ce wa Rukaiya. "Tsayawa yake tsakanin fata da fitsari, har fatar ta samu ta warke da kanta. Ki wanke ta da ruwa mai tsabta, ba soso, ba dirza. Ki dangwala zane mai laushi ta bushe, ki bar ta ta sha iska, sannan ki shafa da kauri. Da ta jiƙe ki canza. In kwana uku bai sauka ba, ko kika ga ƙuraje masu ruwa, ko jikinta ya yi zafi, to ya wuce ni, ki tahi likita."

Rukaiya ta bi maganar. Kwana biyu jan ya fara dushewa, Basira ta koma wasanta.

Ranar Juma'a Lurwanu ya dawo da wuri don ya yi wankan masallaci. Ya tarar da 'yarsa kwance a tabarma ba tsumma, ƙasanta fari fat.

"Mi ne ne wanga? Wa ya yi wa ɗiyata fenti?"

Rukaiya ta gaya masa komai, har tana murna, ta ce, "Duba ka gani, Malam, har ya fara warkewa."

Bai duba ba. Wallahi bai ko sunkuya ba. Abin da ya shiga kunnensa kawai shi ne sunan Talatu.

"Mai shara?" in ji shi. "Ina raye, mai wankin tsumma ce likitar gidana? Gobe a ce a tasha Lurwanu yana warkar da ƙartin maza, amma ɗiyarsa sai da mai tsintsiya."

Ya ɗauki robar ya wurga ta bayan katanga. Ya sa aka kawo soso da sabulun wanki, ya dirje farin man tas daga fatar da ta fara haɗewa. Sannan ya je wajen moto ya ɗauko 'yar kwalbarsa.

Rukaiya ta riƙe masa hannu. "Don girman Allah, Malam, jaririya ce. Fatarta a buɗe take."

Ya fizge hannunsa ya ce ta matsa.

Jama'a, man birki. Man da in ya zuba a jikin moto yake ɗaye fenti. Shi wannan bawan Allah ya ɗiga a ɗanyen ciwon 'yar wata takwas.

Basira ta buɗe baki, da farko ko sauti bai fito ba. Da kukan ya zo, har lungu na biyu an ji shi.

Inna Talatu ta faɗo gidan ko sallama babu. Warin kawai ta ji ta gane.

"Lurwanu, ba ni yarinyar nan in zuba mata ruwa, yanzu-yanzu."

"Inna, fita mani daga gida. Zafin nan shi ne aikin. Je ki ji da tsintsiyarki."

Dattijuwa ta tsaya ta dube shi. Ta ce, "Zagina ba ya yi mani ciwo, ɗana. Ita ce ke jin ciwon." Ya nuna mata ƙofa, ta fita tana share ido.

Da ya tafi masallaci Rukaiya ta wanke wurin, amma mai ya riga ya ci. Kuma don ku san girman taurin kan mutumin nan, washegari da safe ya ga wurin ya kumbura, ya ce ciwon ne yake fitowa, ya ƙara ɗigawa kafin ya wuce rumfa.

Kafin hantsi fata ta tashi ta yi bororo, jikin yarinya ya ɗau zafi, ta ƙi nono. Rukaiya ba ta nemi izinin kowa ba. Ta leƙa katanga ta ce, "Inna, taimake ni." Talatu ba ta ce na gaya maku ba. Zanenta kawai ta yafa, ta karɓi yarinyar don kada goyo ya goge ciwon, ta rungume ta a ƙirji har likita.

Aka aika rumfa aka kira Lurwanu. Ya iso yana huci, zai yi faɗan an fita ba da saninsa ba. Majo ɗin da ke aiki ranar, wato ma'aikaciyar jinya, wata mace da ake kira Madam Ramlatu, ta tare shi a bakin ɗaki.

"Kai ne uban? Miƙo hannunka."

Ya miƙa. Tafin hannu kamar bayan takalmi, duk kanta da tabo.

"Wannan fatar shekara nawa ta yi tana cin ƙarfe da man isansi? Ita kuma ta ɗiyarka wata takwas gare ta. Abin da ta zo da shi tun farko, ruwa da iska da man nan da ka jefar sun ishe shi. Yanzu ƙuna muke jinya, kuma ƙwayar cuta ta shiga. Shiga ka ga aikinka."

Ya shiga. Ya ga abin da ya gani.

Rukaiya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Na roƙe ka da Allah, Malam. Na riƙe hannunka. Ba ciwonta ka duba ba, sunanka a tasha ka duba."

Kwana biyar suka yi a likita. Kullum Inna Talatu ta gama shararta sai ta zo ta karɓi Basira, Rukaiya ta samu ta runtsa. Ranar sallama majo ta rubuta abin da za a riƙa shafawa in ƙunar ta gama haɗewa, don kada lema ta sake cin wurin. Lurwanu ya kai takardar farmasi, aka miƙo masa 'yar roba. Ya buɗe. Farin mai ne mai kauri.

Da yamma ya shiga gidan Talatu ya durƙusa. "Inna, ki yafe mani."

"Na yafe tun ranar," in ji ta. "Amma ba ni ka ƙona ba."

Gaskiyarta. Basira ta warke, sai ɗan tabo. Amma ranar da suka dawo gida, Lurwanu ya miƙa hannu zai ɗauke ta, warin man birkin hannunsa ya kai hancinta. Yarinya ta sandare, ta tsala irin kukan ranar Juma'ar nan, ta cusa kai a wuyan uwarta.

Ya wanke hannu da sabulu. Ya wanke da toka. Ya daina shiga gida da kayan aiki, ya zubar da 'yar kwalbar. In Inna Talatu ta shigo, Basira har tsalle take a cinyar uwarta tana miƙa hannu, shi kuma yana zaune gefe yana kallo.

Wata biyu ke nan. Har ranar da aka ba ni labarin nan, in Basira ta ji ƙarar moto a lungu tana sakin abin da take riƙe da shi kamar da. Sai dai yanzu ɗaki take rarrafawa ta ɓoye.

Darasi: Fatar jariri ba wurin gwajin girman kanka ba ce. Jan da lema ta kawo, tsabta da iska da man kariya na jarirai yake so, in ya ƙi sauka ko ya yi ƙuraje a kai shi likita. Kada ka raina mai gaya maka gaskiya don tsintsiya ce a hannunsa. Ku tura labarin nan ga duk gidan da ke da jariri, musamman gidan da maigida ya san komai.