Tanderun Da Suka Cinye Kurmi

An ce wani sarki ya raina fadar kakanninsa, domin rufinta na azara ne, ginshiƙanta na itace. Wai shi sai ta gasasshen tubali, ja wur! Aka gina tanderu goma, aka shiga saran kurmin gari ana ɗura musu.

Akwai wani tsohon magini, Mantau, da ya ga jakuna na wucewa da gumagumai, ransa ya yi baƙi ƙirin. Kurmin nan shi ke riƙe da rafin da gari ke sha, kuma itatuwan da suka rage na tsallaken rafin ne kaɗai. Ya nufi fada, ko hula bai tsaya ɗauka ba.

Ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Ya sarki, wa ya fi haɗama: wanda ya ci sau ɗaya ya ƙoshi shekara ɗari, ko mai ci kullum yana kukan yunwa?"

Sarki ya ce, "Na biyun mana. Da wa kake?"

"Ɗaga kai ka dubi rufin nan. Giginya arba'in kakanka ya sare, maza zalla, ya bar matan su yi 'ya'ya, ya binne ƙwallo biyu a gurbin kowace. Har yau suna yi maka inuwa. Tanderunka kuwa arba'in suke lashewa kafin azahar, su bar mana toka da hayaƙi. Wallahi wannan ɓarna ce!"

Idon sarki ya kaɗa ya yi ja, ya daka tsawa: "A kai tsohon banzan nan kurmi, a ɗaure shi a jikin itace har ya koyi ladabi!"

Dogarai suka tisa ƙeyarsa. Mantau bai ba da haƙuri ba, ina! Tafe yake yana huci.

Da la'asar sai ga su sun dawo da shi, igiya a hannu. Babbansu ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, mun kewaya har bakin rafi, ba itacen ɗaure mutum, sai kututture. Mata ma tonon yashi suke yi suna neman ruwa."

Kunya ta rufe sarki. Ya sa aka kashe tanderu, ya hana taɓa itatuwan tsallaken rafi. Ya dubi Mantau ya ce, "Baba, gina mini irin ta kakana. Yau na sani, mafi munin zalunci shi ne cin rabon wanda ba a haifa ba, domin ba shi da bakin kawo ƙara."