Sabulun Kwatano na Zuhura

A garin Bagudo akwai wata mata da ake kira Zuhura, wadda Allah ya ba hannu mai albarka, ita kuma take jin kunyar abin da hannun ya yi. Ban taɓa ganin mai basira irin tata ba, ban kuma taɓa ganin wadda ta wulaƙanta basirarta kamar ita ba. Ƙyallayen da tela ya share zai zubar, ita za ta haɗa su ta fitar da labule da rigunan filo. Robobin lemo da yara ke shuri a titi, ta yanka su ta yi furanni, ta dasa a gwangwanin madara da ta naɗe da zare. Kwalin taliya ya zama gidan hoto, tsohuwar ƙwarya ta huda ta ta kifa a kan fitila, haske ya riƙa fita ɗigo-ɗigo a bango. Ɗakinta bai ci wani kuɗin kirki ba, amma duk matar da ta shiga sai ta tsaya kallo kafin ta tuna da gaisuwa.

Kayan shafa ma haka. Sarrafa man kaɗanya ta gada wurin kakarta a Geza, ƙauyensu. Tana buga shi da man riɗi har ya yi fari ya yi laushi, ta sa masa ɗan turare. Tana haɗa dilka da kurkur da zuma. Sabulun soda kuwa ta koye shi wurin Morayo, wata Bayarabiya haifaffiyar Bagudo mai shagon soda da turare a kasuwa, wadda kowa ke kira Maman Tobi.

Da wannan duka, Zuhura ba ta iya buɗe baki ta ce ita ta yi ba. A wurinta wannan maganar 'yan ƙauye ce. Ta lura cewa matan garin, da yake iyakar Benin na nan kusa, ba abin da ke burge su kamar a ce kaya ya tsallako. Sai ta kama wannan hanya ta riƙe gam. Ranar kasuwar Lolo, garin bakin iyaka, takan ci ado, ta hau mota da ƙatuwar jaka, ta je ta tsinto kwalaben da aka gama amfani da su masu rubutun Faransanci, da ledoji masu ƙyalli. Da yamma ta dawo tana tafiya da ƙyar, wai gajiyar hanya. Washegari man kakarta na Geza ya shiga kwalbar Faransa, ya tashi daga man kaɗanya ya koma "kayan Kwatano". Furannin roba ma Kwatano. Har ƙwaryar da kowa ya san a bayan gari ake shuka irinta, Kwatano. Matar da iyakacin tafiyarta Lolo, sai ka ji tana ba da labarin teku kamar a bakinsa aka yanke mata cibiya.

Abin haushin shi ne kayanta masu kyau ne. Da ta faɗi gaskiya, ba wadda za ta fasa saye.

Sabulu ne kawai ke ba ta wahala, domin shi ba ya son gaggawa. In an zuba shi ya daskare, sai an jera shi a inuwa ya sha iska makonni kafin kaifin sodar ya mutu. Ɗanye kuwa cin fata yake yi. Zuhura ta san wannan sarai, ba wanda ya fi ta sani. Amma sabulun da ya zo daga Kwatano ba a shanya shi a tsakar gida, don haka a wani tsohon ɗakin kaji da ke bayan gidan take jera nata, ta kulle, ta ɗaura mabuɗin a haɓar zani.

Tana da ƙanwa, Mashkura, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ke zaune a Geza tare da mahaifinsu. Yarinya ce mai sanyin hali, baƙa mai santsin fata, fuskarta ko ƙurji babu. Duk abin da Zuhura ta faɗa, a wurin Mashkura ya zauna. Ita ma ta yarda da zancen Kwatano, har takan yi wa ƙawayenta alfahari da yayarta. Da aka sa ranar aurenta da Muhammad Sani, wani manomin shinkafa na Bahindi da suka daɗe suna son juna, sai aka kawo ta Bagudo don yayarta ta yi mata gyaran jiki. Uwarsu ta rasu, ba wanda ya fi Zuhura cancanta.

Bikin ya faɗo bayan sallah kaɗan, kuma sallah ta kwashe duk sabulun da ya nuna. Ɗakin kaji ya zama wayam. Mace mai hankali sai ta yi wa amarya dilka da man kaɗanya, a wuce wurin. Zuhura kuwa ta riga ta cika gari da cewa akwai wani sabulu na musamman da ta yi oda saboda ƙanwarta. Ta tafi shagon Morayo ta ce a auna mata soda, fiye da yadda ta saba.

Morayo ta dube ta ta ce, "Anti Zuhura, wannan sodar ta yi wa manki yawa."

"So nike shi daskare da wuri."

"Zai daskare. Amma ke ma kin san na wankin tukunya zai zama. Ba dai na amarya ba ne ko?"

"Na wanki na, Maman Tobi. Auna min in tahi."

Ta dama shi ranar, ta sa masa kala ruwan hoda da turare mai ƙarfi. Washegari ya yi tauri. Ta yanka, ta naɗe a leda mai ƙyalli. Ta ce a ranta ai nuna shi kawai za ta yi, ba za ta shafa wa kowa ba.

Da hantsi sai ga Gwaggo Dela, ƙanwar mahaifin ango, ta zo daga Bahindi da wasu mata sun kawo kayan lalle. Aka shimfiɗa musu tabarma a ɗakin Zuhura, suna ta kallon labule da furanni suna jinjina kai. Yabo ya shiga kan Zuhura ya yi mata yawa. Ta ɗauko sabulun ta ajiye a gabansu.

"Jiya-jiya kayan sunka iso," in ji ta. "Ko a Kwatano ba kowa ka samun wanga ba."

Gwaggo Dela ta shinshina ta lumshe ido. "To ai sai a sa ma ɗiyarmu yanzu mu gani da idonmu. In mun koma mu ba da labari."

Nan ne Zuhura ta tsaya a tsakanin abu biyu. Ko ta ce sabulun bai nuna ba, kowa ya gane a bayan gida aka dama shi, tunda ba a taɓa jin sabulun kanti da ke jiran nuna ba. Ko kuma ta ɗora shi a fuskar ƙanwarta. Ba ta ma daɗe tana tunani ba, kuma wannan ne abin da har yau ba na iya yafe mata. Ta kankare sabulun a kwano, ta kwaɓa da kurkur, ta kira Mashkura ta zaunar da ita a kujera 'yar tsugunno. Ta lafta mata a goshi da kumatu da wuya, kamar yadda ake yi wa amare, a bar shi ya sha jiki.

Ba a jima ba Mashkura ta fara motsi.

"Yaya, da zahi."

"Haka na waje yake. Aiki shika yi."

Matan suka yi dariya, ɗaya ta ce amaren yanzu ba su da juriya. Mashkura ta ji kunyar surukai, ta sunkuyar da kai ta cije leɓe. Zuhura na ganin hawaye na bin kurkur ɗin yana sauka. Randa na bakin ƙofa cike da ruwa, ta kuma san abin da ya kamata shi ne ta ja yarinyar ta yi ta kwarara mata. Maimakon haka sai ta juya ta ci gaba da nuna wa Gwaggo Dela kwalaben mai, tana bayanin yadda ake tsallako da su.

"Yaya, don Allah. Huskata ci takai."

"Ki ɗan ƙara haƙuri, Mashkura. Kar ki ba ni kunya gaban baƙi."

Sai da yarinyar ta miƙe da kanta, ta yi waje tana lalube, ta tsoma fuskarta a bokiti. Da kurkur ɗin ya wanke, dariya ta ɗauke a ɗakin. Kumatun sun yi jawur, fatar kuncin hagu ta saluɓe tun daga ƙasan ido har gefen baki.

Aka ɗauke ta a babur zuwa asibiti. Malamar da ta karɓe su ta tambayi abin da aka shafa da abin da ke cikinsa, domin ta san ta inda za ta fara. Wannan ita ce dama ta biyu da Allah ya ba Zuhura, kuma ita ma ta yi wasa da ita. Gwaggo Dela na tsaye a gefe. Zuhura ta dubi ƙanwarta da ke kwance, ta dubi Gwaggo Dela, ta ce, "Wallahi ban san mi sunka sa ciki ba. Saye na yi. Wataƙila jikinta na bai karɓa ba."

Ta ɗora laifin a kan fatar yarinyar. Malamar ta ɗauka irin man bilicin nan ne da ke yawo a kasuwa, ta fara neman maganin da za ta shafa, alhali sodar na nan a fatar tana ci gaba da aikinta.

Labari ya riga ya kai kasuwa. Morayo ta rufe shagonta ta taho da sauri, ta kutsa cikin matan ba ko sallama.

"Malama, soda ce. Ɗanyen sabulun soda ne, jiya aka dama shi, a shagona aka sayi sodar. A yi ta zuba mata ruwa, kar a tsaya."

Malamar ta ajiye abin da ke hannunta ta sa aka kawo ruwa. Gwaggo Dela ta juyo a hankali ta dubi Zuhura daga sama har ƙasa.

"Ke kinka yi shi?"

Zuhura ta kau da ido ta dubi bango.

"Kin san ɗanye na, kinka sa mata?"

Zuhura ta ja baya ta raɓe a bakin ƙofa. Mashkura na kwance ana kwarara mata ruwa, idonta a rufe, amma kunnenta a buɗe yake. Ba ta taɓa tayar wa yayarta da maganar ba, ranar ko bayanta.

An ɗaga biki har ciwon ya warke. Muhammad Sani bai ja da baya ba, ya ce shi Mashkura yake so, kuma ya cika maganarsa. Goshi da wuya sun koma daidai. Kuncin hagu ne bai koma ba. Tabo ya zauna a wurin, fari-fari, ya ɗan ja gefen bakinta, ta yadda in ta yi murmushi sai ya karkace. Yarinyar da ba ta taɓa damuwa da madubi ba ta koyi jan mayafi ta rufe gefe ɗaya in za ta fita. A hotunan bikinta duk a kaikaice ta tsaya.

Zuhura kuwa, matan Bagudo suka watse mata. Masu furanninta suka ci gaba da ajiye su a ɗakunansu, don furanni ba su yi wa kowa laifi ba, amma ba wadda ta sake yarda ta sa wani abu nata a jiki. Ta daina zuwa Lolo, ta daina zancen teku. Sai a lokacin ta fara cewa ita ke yin kayanta, lokacin da ba mai tambaya.

Da Mashkura ta haifi 'yarta ta fari, Zuhura ta zauna ta yi man kaɗanya irin wanda ba ta taɓa yi ba. Ta zaɓi ƙwara ɗaya-ɗaya, ta soya, ta niƙa, ta buga har hannunta ya sage. Ba turare, ba kala, ba kwalba. A ƙwarya ta zuba, ta rufe da faifai, ta kai Bahindi ranar suna. Ta durƙusa gaban ƙanwarta ta ajiye.

"Na jaririya na. Ni na yi shi da hannuna, ba komi ciki."

Mashkura ta buɗe ta duba. "An gode, Yaya. Allah shi saka." Ta mayar da faifan ta rufe, ta gyara wa 'yarta zani, ta matsar da ita ɗaya gefen.

Da la'asar Zuhura ta fito za ta nemi mota. A ƙofar gida ta tarar da Muhammad Sani tsugune gaban keken shanunsa, ƙwaryar na ajiye a ƙasa kusa da ƙafarsa. Yana dangwalo man da tsinke yana cusa wa ƙarfen taya. Ya ɗago ya gaishe ta da ladabi, ya ce Mashkura ce ta ba shi, kuma man na da kyau ƙwarai, ƙarar ta ɗauke gaba ɗaya.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Wanda Allah ya ba sana'ar hannu, ya faɗi sunanta ba tare da kunya ba, domin ba abin wulaƙanci a cikin gyara ɗaki da ƙyalle ko gyara jiki da man kaɗanya. Abin wulaƙanci shi ne ƙarya. Ƙaryar da mutum ya fara don a yaba masa, wata rana za ta tsayar da shi ta ce ya zaɓa tsakaninta da wanda ya fi ƙauna, kuma wanda ya saba ciyar da ita ba kasafai yake zaɓar daidai ba. Duk mai haɗa abin da wani zai shafa a jikinsa amana ce ya ɗauka: ya faɗi abin da ya sa a ciki, ya ba aikin lokacinsa, in bai nuna ba ya ce bai nuna ba. Kunyar faɗin gaskiya ta yini ɗaya ce, amma Mashkura da wannan fuskar za ta tsufa.