Ruwan Tulun Tsohuwa

A unguwarmu ta bakin kogi a lardin Sichuan na ƙasar Sin, zamanin da kowane gida ke da tulun tsami a bayan ƙofa, an yi wani direban bas mai suna Qiu Dehou. Mutumin kirki ne, amma Allah ya zuba masa gaggawa. Ko shayi ba ya bari ya huce.

Mahaifiyarsa ta rasu ta bar masa tulu guda. Ruwan gishirin da ke ciki ya girmi Qiu, don da shi aka kawo ta gidan miji. A cikinsa ake jiƙa kabeji da barkono da citta, ana ci ana ƙarawa, ba a taɓa zubar da shi ba. Duk lokacin da Qiu ya ɗaga murfin, sai ya ji kamar tsohuwar na tsaye a madafa tana yi masa faɗa.

Bayan rasuwarta barci ya ƙaurace masa, ciki kuma ya yi ta kumburi. Matarsa Shufen ta ja shi wurin tsohon mai magani, Likita Yan. Ya taɓa jijiyar hannunsa, ya duba harshensa, ya ce, "Ciki bai kwanta ba, yaya mai cikin zai kwanta?" Ya ba shi saiwoyi, ya ce ya riƙa shan kunun shinkafa da ɗan tsamin gida, ya daina cin abinci a tsaye, ya jira damina ta wuce.

Jira? Ai an taɓo masa inda ke ciwo. Ba a je ko'ina ba ya ce maganin banza ne. Sai ya ji a rediyo cewa ƙananan ƙwayoyin halitta na cikin hanji na da hannu a rashin barci. Bai tsaya jin ƙarshen shirin ba, inda aka ce da yawansu masu amfani ne. Shufen na fita kasuwa ya leƙa tulun, ya ga ruwan ya yi duhu, ya ce lalle ƙwayoyin nan ne a ciki, ga ɓarawon barcinsa. Ya tuttular da shi a kwata, ya wanke tulun da sabulu da tafasasshen ruwa.

Da Shufen ta dawo, ya nuna mata tulun yana washe baki. Ta ajiye kwandonta a hankali.

"Tsoho Qiu, abin da Mama ta raya tun kafin a haife ka, shi ka kashe kafin in dawo daga kasuwa?"

Qiu ya durƙusa gaban tulun. Ya ɗaga murfin, ba abin da ya ji sai ƙanshin sabulu.

Barcin dai ya dawo bayan damina, da kunu da saiwoyi, kamar yadda Yan ya faɗa. Shufen ta haɗa sabon ruwa, maƙwabta suka sam musu daga nasu. Amma har Qiu ya tsufa, in ya ɗanɗana tsami a gidan kowa, sai ya girgiza kai ya ce, "Ba na Mama ba ne."

Darasin shi ne, gaggawa aikin shaiɗan ce, kuma rabin magana ya fi rashin ji haɗari. Lafiya takan dawo ga mai haƙuri, amma abin da iyaye suka daɗe suna rayawa, in ka zubar, ba ka da inda za ka sake ɗebo shi.