Tafintan da Ya Ari Rabin Dabarar Sinawa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a birnin Alƙahira, ba zan kama sunansa ba don iyayensa suna raye. Ɗalibi ne kamar ni, gida ɗaya muka kama haya a unguwar Hayyus Sabi' tun 2012. Kansa yana ja, Larabci a bakinsa kamar ruwa.

Akwai wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi, Alhaji Mas'udu, da yake sarin abayoyi a wajen wani Basine mai ƙaramar masana'anta a bayan gari, yana aikawa Nijar da Kano. Larabcin Alhaji bai wuce na cefane ba, sai ya ɗauki mutumin nan tafinta.

Daga zama da Basinen, sha'awar ƙasarsu ta kama shi. Ya ajiye Fiƙihu, ya koma karanta yadda Sin take hulɗa da ƙasashe. Kullum sai ya cika mana kunne: wai su ba sa gaggawa, suna ɓoye ƙarfinsu, zumunci suke fara ƙullawa kafin ciniki, kuma gwani a wurinsu shi ne wanda ya ci yaƙi bai zare takobi ba. Har muka laƙaba masa suna Jakada don tsokana.

To, a kan wa zai gwada wannan ilimi? Ƙasa gare shi? Sai ya gwada a kan mutumin da yake ciyar da shi.

Shekara biyu yana cin tuwon gidan Alhaji, yana kiransa Baba, yana kwafe lambobin masu sayen kayansa ɗaya bayan ɗaya a wani ɗan littafi. Ya riƙa kiransu da sunan gaisuwa, yana sako musu cewa Alhaji ya tsufa, shi ya sa kaya suke jinkiri. Da ya ga ya shirya, ya je wa Basinen shi kaɗai, ya ce a ajiye Alhaji a yi da shi, kasuwar duk tana hannunsa.

Basinen ya zuba masa shayi, ya yi murmushi, ya ce zai yi tunani. Mutuminmu ya dawo gida yana cewa, "Khalas, an gama." Ya daina zuwa jami'a, jarrabawa ta zo bai shiga ba.

Abin da bai karanto ba shi ne, ba al'adar wannan mutum ba ce ya ce wa baƙo a'a a fuskarsa. Kuma zumuncin nan da yake ta ba mu labari, a wurin Basinen ba wasa ba ne. Lokacin hargitsin Masar na 2011 a gidan Alhaji iyalin Basinen suka fake kwana tara. Ranar da aka sha shayin, ranar Basinen ya kira Alhaji, da guntun Larabcinsu su biyu, ya gaya masa komai.

Alhaji bai yi faɗa ba, ya dai canza tafinta. Masu sayen kaya suka daina ɗaga wa mutuminmu waya. Jami'a ta cire sunansa, iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, ta mutu, domin ta ɗalibta ce. Da aka tsare shi a wani shingen bincike a 2014, ba wanda ya je ya tsaya masa. Aka sa shi a jirgi ba takardar kammala karatu, ba kasuwa, ga uba a gida ya gama gaya wa unguwa ɗansa zai dawo malami.

Ya 'yan uwa, haƙuri ibada ne. Amma wanda ya yi haƙuri don ya samu damar cin amana, ba haƙuri ya yi ba, kwanton ɓauna ya yi. Mutumin nan ya ɗauki wayon mutane ya bar amanarsu, alhali amanar nan tun a makarantar allo aka koya masa ita.

Kada kuma ku ɗauka ni na fita daga laifi. Ni na kai shi wajen Alhaji na ce amintacce ne. Na ga littafin lambobin a kan katifarsa, na gane abin da yake ƙullawa, na yi dariya na ce ya iya siyasa. Ban ce masa ya ji tsoron Allah ba, don kada a ce hassada nake yi masa.

Ranar da zan bar Masar na je sallama. Alhaji ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, ka sani?"

Na ce na sani. Sai ya saki hannun. Wallahi har yau kunyar wannan rana tana tare da ni, ko a kan mumbarin nan.

Allah ya tsare mu daga cin amana, ya tsare mu daga yin shiru a kanta, ya yafe masa, ya yafe mini.