Bakin Lamont da Babban Yatsan Pookie

Akwai wani mai aski a garin Akron da ke jihar Ohio, sunansa Lamont Pettiford. Askinsa dai sai a hankali. Har yau ban yafe masa abin da ya yi wa gashin goshina ba, gashin da duk unguwa ke sha'awa. Amma fa wajen baki, Allah ya ba shi.

Idan aka zo zancen ƙwallon Amurka, ba mai sa baki a shagon sai shi. Yakan bugi ƙirji ya ce, “Ni bakina ba ya faɗuwa ƙasa. In na ce ɗan wasa zai zubar da ƙwallo, ku ɗauka ya zubar.”

Wata Asabar cikin Agusta, ƙanen matarsa Dewey ya samo musu tikitin wasan share fage. Suka gasa haƙarƙari a bayan mota, suka ci suka yi nak, suka shige fili.

Kun san yadda wasan share fage yake. Manyan 'yan wasa sun ɗan leƙo, sun koma benci suna hira. Aka bar yaran da ba wanda ya san sunansu suna ta gwara kai, kowa na neman kada a sallame shi kafin kakar wasa ta fara.

Da aka shiga zubi na huɗu, rabin 'yan kallo sun watse. Lamont ya ja Dewey suka sauko kujerun ƙasa, dab da ƙofar da 'yan wasa ke shigewa ciki.

A nan suka tarar da wata dattijuwa ita kaɗai, ta rungume jakarta. Duk sanda aka yi karo a fili, sai ta runtse ido, leɓunanta na motsi.

Lamont ya zunguri Dewey. “Dubi wannan, ta ɗauka coci ta zo.” Ya juya gare ta. “Mama, saki ranki! Wannan wasan ba a ƙirga shi. Waɗannan tarkacen, mako mai zuwa rabinsu dakon kaya za su koma.”

Ta dube shi, ta ƙara rungume jakarta.

“Kai, bar matar mutane,” in ji Dewey.

“Yi min shiru, ƙaton banza. Tikiti ka kawo, ba ilimi ba.”

Ana haka aka bugo ƙwallo sama. Wani yaro mai lamba arba'in da bakwai ya shirya zai cafe, sai ta daki ƙirjinsa ta suɓuce. Abokan hamayya suka faɗa mata.

Lamont ya miƙe tsaye, ya haɗa hannu a baki. Filin babu hayaniya, muryarsa kuwa kamar lasifika.

“Kai, arba'in da bakwai! Wa ya ba ka riga? Allah ya sa a kwashe ka a mota, mu huta!”

Wasu suka yi dariya. Ya zauna yana hura hanci.

Ba a jima ba aka sake bugo ƙwallo, wannan karon yaron na cikin masu tarewa. Ya taho da gudu kamar wanda zai rama abin da ya ɓata, ya sunkuyar da kai, ya haɗu da wani ƙato.

Ƙarar hular kwanonsu har inda su Lamont suke.

Ƙaton ya tashi. Yaron bai tashi ba.

Da farko Lamont ya ce, “Zai miƙe, iska ce ta ɗauke masa.” Sai ya ga 'yan wasan da ke kusa suna ɗaga hannu da sauri, suna kiran likitoci. Ya ga ƙafafun yaron a miƙe, ko yatsa ba ya motsi. 'Yan wasan ɓangarorin biyu suka cire huluna, kowa ya durƙusa da gwiwa ɗaya. Aka kashe kiɗa.

Sannan ƙaramar motar ɗaukar masu rauni ta fito.

Mota. Abin da Lamont ya roƙa ke nan.

Dewey ya juyo ya kalle shi, irin kallon da ya fi zagi ciwo.

“Ni wasa nake,” in ji Lamont. “Dewey, ka san wasa nake.”

Sai ya ji an damƙi hannunsa. Dattijuwar ce. Ta yunƙura za ta tashi, ta koma ta zauna.

“Ɗana ne,” ta ce. “Shi ke nan gare ni.”

Da ƙasa za ta tsage, da Lamont ya shige har takalmi.

A fili likitoci sun kwance ƙarfen gaban hular yaron, sun ɗaure masa wuya, sun kwantar da shi a kan katako. Duk mai kallon wannan wasa ya san abin da ake jira yanzu. In ana fita da ɗan wasa, idan hannunsa na aiki, zai ɗaga babban yatsa. Idan bai ɗaga ba, to, kowa ya koma gida da fargaba.

“Ba zan iya kallo ba,” in ji ta, ta rufe fuska. “Bawan Allah, duba min. Ya ɗaga?”

Motar ta taso a hankali, ta nufo ƙofar da ke ƙarƙashinsu. Hannun yaron na kwance a kan cikinsa kamar na wani.

“Tukuna, Mama.”

“Yanzu fa?”

Lamont ya ƙara leƙawa. “Tukuna.”

Ta buɗe ido, ta kafe shi da kallo. “Na ji muryarka ɗazu. Kowa ya ji. Tawa ba za ta kai ba. Kira min shi.”

“Mama, ni... sunansa ma ban sani ba.”

“Na sani ba ka sani ba. Deshay Hatcher ne a takarda. A gida Pookie muke ce masa. Ka ce uwarsa na nan.”

Lamont ya miƙe. Bakin da bai taɓa gajiya ba, ranar ya bushe ƙamas. Ya buɗe, ba abin da ya fito. Motar saura kaɗan ta shige. Ya ja numfashi, ya kama ƙarfen da ke gabansa.

“Pookie! Pookie! Mamanka na nan! Tana kallonka!”

Filin ya yi tsit. Motar ta kai bakin ƙofa.

Sai yatsun suka motsa. A hankali, kamar mai ɗaga buhu, babban yatsan ya miƙe sama.

Fili ya kaure da tafi. Dattijuwar ta fashe da kuka tana kiran sunan Ubangiji. Lamont kuwa ya zube a kujera yana sharɓar hawaye fiye da ita. Shi da Dewey ne suka riƙe ta har ƙasa, wajen motar asibiti.

Pookie ya warke, ya taka da ƙafarsa. Amma likita ya ce shi da ƙwallo har abada.

Da sanyi ya shigo, wata rana sai ga wani ƙaton saurayi ya shigo shagon, ya zauna a kujera. Nan take Lamont ya gane Pookie ne. Ya yafa masa ƙyalle, ya kunna injin aski.

“Wane iri za a yi maka, ɗana?”

Saurayin ya dube shi ta madubi.

“Na san muryar nan, Baba,” ya ce. “Sau biyu na ji ta ranar.”

Lamont ya kashe injin.

Saurayin ya ci gaba, “Mama ce ta aiko ni. Ta ce in manta da ta farko, in riƙe ta biyun.” Ya gyara zama. “Amma ka kula da gashin goshina, an ce hannunka ba shi da kyau.”

Kun ji ko? Ba ni kaɗai na faɗa ba.

Darasi: Wanda kake zagi don nishaɗi ɗan wata ne, kuma wasan da kake cewa ba a ƙirga shi, wani rayuwarsa ce kacokan a ciki. Muryar da Allah ya ba ka tana iya tsinuwa, tana iya tada wanda ya faɗi, sai ka zaɓa. Ku tura wa duk mai kaifin bakin da kuka sani. Kada ku karanta ku sulale kamar yadda kuka saba yi min, ina ganinku.