Ƙaramin Yatsan Mai Magani

An ce wai a wani gari na bakin kogi an yi wani alƙali mai suna Haladu, mutum mai jinkirin magana da saurin fahimta. A garin akwai wani matashi, Sallau, ɗan Malam Ilu maɗinki.

Wata rana wajen wanka a kogi, sa'o'in Sallau suka yi masa dariya, wai halittarsa ta maza ba ta kai ba. Su wasa suka yi suka manta, shi kuwa maganar ta soke shi kamar ƙaya. Ya rage cin abinci, ya ƙaurace wa abokai, kunya ta hana shi tambayar kowa. Ran kasuwa ya ji wani mai tallan magani, Tanko, yana shelar man shafawa mai ƙara girman gaba, sai ya saya a ɓoye. Maimakon ƙari sai ƙuna da kumburi, har tafiya ta gagare shi. Nan uban ya gane, ya kai shi asibiti.

Malam Ilu ya kai ƙara, amma Sallau ya ce gara ya bar garin da ya tsaya gaban jama'a. Tanko kuwa ya san kunya ce garkuwarsa. Da aka kira shi, ya ce duk wanda ke da'awar an cuce shi ya fito ya nuna.

Alƙali ya auna lamarin. In ya kira yaron ya tona masa asiri, in ya bari ya sakar wa kura garke. Can ya tambayi Tanko ko man nan da gaske yana ƙara tsawo, kuma ba ya cutarwa. Tanko ya rantse haka ne.

Alƙali ya ce, "To, tsoka duk tsoka ce. Za a shafa maka shi a ƙaramin yatsanka safe da yamma, a ɗaure da ƙyalle. Ran da ya kamo na tsakiya tsawo, ni da kaina zan yi maka talla."

Da dogari ya buɗe kwalbar man, Tanko ya cusa hannu cikin riga. Ya ce, "Allah gafarta Malam, hannun da nake cin tuwo da shi ke nan." Bai jima ba ya amsa cewa barkono ne da ruwan batir ya dama da man kaɗanya.

Alƙali ya ce, "Ka ji wa yatsanka tsoro, ba ka ji wa 'ya'yan mutane ba." Ya sa aka ƙone kayan, aka hukunta shi, ba a ambaci sunan Sallau ba.

Bayan an watse, ya kira yaron da ubansa ɗaki tare da likitan da ya duba yaron. Likita ya shaida wa Sallau halittarsa daidai take, kuma babu mai ko ƙwaya da ke ƙara abin da Allah ya tsara, sai dai su lalata shi.

Alƙali ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, gero da dawa ba rana ɗaya suke nuna ba, kuma kowanne yana cika rumbu. In abu ya dame ka, ga ubanka, ga likita."

Sallau ya ɗaga kai, ya dubi ubansa ido da ido, ya yi murmushi. Ya warke sarai, ya koma cikin sa'o'insa.

Shi ya sa masu hankali ke cewa, damuwar da ka ɓoye wa masani, mayaudari za ka kai wa, domin tambaya ba ta raunata kowa, shiru ne ke yin gyambo.