Uban Aro

An yi wani mutum a nan Yamai, tela ne, kekensa a Maourey, gidansa a Yantala. Ba zan faɗi sunansa ba, kukan da ya sha ya ishe shi. Abin ya faru ne a shekarar da damina ta ɗauke da wuri, sojoji suna kan mulki.

Fari ya kashe wa mahaifinsa shanu, gero ya bushe a tsaye. Tsohon ya taho birni wurin ɗansa, daga shi sai sanda da buta, ya rame har wuyan riga yana zame masa. Mutumin ya karɓe shi, ya share masa zaure. Har nan kam ba laifi.

To, akwai wani shiri da ake nunawa a tele duk Lahadi bayan la'asar. A ɗauko talaka, a yi masa aski, a shafa masa hoda, a sa masa kostim da karabat, wato kwat da laktaye irin na Turawa, a tsayar da shi gaban madubi. Daga ƙarshe a shigo da mahaifinsa su rungumi juna, kiɗa yana tashi, kowa yana share hawaye. Mai gabatarwa kullum maganarsa ɗaya: namijin zamani ba ya ɓoye kuka.

Mutuminmu ba ya fashin shirin nan. Kuna tsammani kostim ne ya ja shi? Shi da yake ɗinka wa mutane? Ina! Rungumar ce. Shekararsa arba'in, ubansa bai taɓa dafa masa kafaɗa ba. Uban irin mutanen da ne, in ka yi abin kirki ya ce "to", shi ke nan.

Ya kai sunansa, aka zaɓe shi, aka ce ya zo da mahaifinsa. Ya dawo ya tsaya a ƙofar zaure yana kallon tsohon: kaushi a ƙafa, haƙora sun zube, tsagar gado daga baki har kunne. Sai kunya ta kama shi. Kunyar ubansa, jama'a!

Ya je wurin wani tsohon ma'aikaci mai suna Mutari, mai farar riga da tabarau, ya roƙe shi ya zama ubansa na yini ɗaya.

Matar telan, Balki, ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Baba yana zaure fa."

Ya ce, "Ina Baba ina tele? Ba zai gani ba."

Ranar da aka nuna shirin, shi yana Maourey abokan sana'a suna yi masa kirari. A Yantala kuwa mai shagon layinsu ya fito da telensa waje. Maƙwabta suka shiga zaure suka riƙo hannun tsohon: "Baba, taso ka ga ɗanka!" Don alheri suka yi. Har kujerar gaba suka ba shi.

Ya ga an aske ɗansa, ya ga an shafa masa hoda. Sai aka yaye labule, Mutari ya shigo. Telan ya ruga ya faɗa ƙirjinsa yana kiran "Baba! Baba!", yana kuka na gaske. Tsohon ya tambayi na kusa da shi, "Wane ne wancan?"

Washegari bayan asuba aka tarar da tabarma a naɗe. Tsohon ya koma ƙauyen da babu ƙwayar hatsi.

Balki ta ce ya bi shi ya nemi gafara. Ya ce zai je. Amma ɗinki ya yi masa yawa, kowa telan da aka gani a tele yake so. Yau, gobe, har sati uku. Sai saƙon rasuwa.

Ya isa an riga an binne. Ya durƙusa gaban yayarsa Habsatu, ya ce, "Yaya, don Allah, ya yafe mini?"

Ta ce, "Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Abu ɗaya na ji ya faɗa: 'Da na san runguma yake so, ai ina da hannu.'"

Tun daga ranar bai ƙara zama kan keke ba. In ya ɗauki almakashi sai ya mayar ya ajiye. Wanda zai roƙa yana ƙarƙashin ƙasa.

Ya 'yan uwa, kuka ba zunubi ba ne, tsafta ba zunubi ba ce. Zunubin shi ne ka ji kunyar wanda ya haife ka don idon mutanen da ba su san ka ba. Wanda ubansa yake raye, ya tashi yau ya je ya riƙe hannunsa. Ku ma iyaye maza, me zai rage ku in kun dafa 'ya'yanku?

Allah ya jiƙan tsohon nan, ya yafe wa ɗansa. Mu kuma Allah ya kiyaye mu da nadamar da ba ta da magani. Amin.